Yadda za ku kalli zanen Kamala Ibrahim Ishaq

Da farko ku ajiye waya ku nemi kwamfuta. Zane-zanen wannan baiwar Allah 'yar Sudan, wadda aka haifa a Omdurman a 1939, manya ne, ƙaramin allo yana cinye rabin abin da ke ciki.

Ku fara da fuskoki. Za ku ga mata, fuskokinsu a miƙe ko a karkace, wasu a kulle cikin akwatunan gilashi. Kada ku ce ba ta iya kamanni ba. Ta yi karatun zane a Khartum, ta ƙaro a Landan daga 1964 zuwa 1966, da gangan take karkata su. Ta daɗe tana nazarin zar, taron matan Sudan inda ake kiɗa da turare har iska ta hau mace. Wanda ya taɓa ganin 'yar bori ta hau, ya san yadda fuska ke sauyawa har mutum ya kasa gane maƙwabciyarsa. Wannan lokacin take kamawa, kuma ni a nan na fi daɗewa, domin ban san mai zanen da ya ɗauki ciwon da mata ke ɓoyewa da irin wannan girmamawa ba.

Sannan ku bar fuskokin, ku bi ganyaye da saiwoyi da ido. A wurinta bishiya 'yar gida ce. Ku nemi zanenta Bait Al-Mal na 2019, mai ɗauke da sunan unguwar da ta tashi. Babu titi ko gini da za ku gane, sai gungun mutane da itatuwa, layuka sun haɗa wannan gida da wancan. Ku zaɓi layi ɗaya ku bi shi har inda ya tsaya. Haka ta tuna unguwar: wa ke da alaƙa da wa.

Zanen shahidai ku bar shi ƙarshe, wanda ta yi a 2022 don matasan da aka kashe a zaman dirshan na Khartum ranar 3 ga Yunin 2019, aka jefa gawarwakin wasu a kogin Nilu. Ku karanta labarin ranar tukuna, sannan ku buɗe hoton ku ƙirga fuskokin da ke yawo cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya.