Yadda Ake Bambance Furen Rododendiron da na Azaliya

Duk wanda ya shiga lambun Isabella da ke cikin Richmond Park a Landan a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ya san abin da nake nufi: furanni ja da fari da shunayya sun lulluɓe gefen hanya har ganye ba ya ganuwa. Wani zai ce maka rododendiron ne, wani ya ce azaliya. Sau da yawa duk biyun suna da gaskiya, don a wajen masana tsirrai kowace azaliya 'yar gidan rododendiron ce. Masanin tsirrai Linnaeus ya ware su gida biyu a 1753, daga baya aka haɗe su wuri ɗaya. Masu lambu ne suka ci gaba da kiran kowanne da sunansa. Ga yadda za ka gane wanne ne a gabanka.

Mataki na farko: kada launi ya ruɗe ka. Duka biyun suna zuwa da ja, fari, ruwan hoda da shunayya. Girma ma ba hujja ba ne. Akwai rododendiron da ke zama bishiya sosai a duwatsun Himalaya, irin wanda Nefal ta ɗauka furen ƙasa, suke ce masa lali gurans. Akwai kuma wanda ko gwiwa bai kai ba.

Mataki na biyu, kuma shi na fi dogara da shi: kama fure ɗaya a hankali, ka leƙa cikinsa. Za ka ga siraran zarurruka sun fito daga tsakiya, kowanne da ɗan kai mai ɗauke da garin fure. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya fi sauran kauri, kansa ɗan dunƙule ne mai danƙo. Wannan uwar ce, kada ka saka ta a lissafi. Ƙirga sauran. In ka samu biyar, kusan lalle azaliya ce. In ka samu goma ko fiye, ka fi kusa da rododendiron. Amma a kula, wasu azaliyoyin Japan masu riƙe ganyensu duk shekara sukan kai zare goma, haka ma azaliyar Koriya da ake kira Rhododendron schlippenbachii. Shi ya sa in ƙirga ya ba ka goma, kada ka yi saurin yanke hukunci, ka koma wajen ganye.

Mataki na uku: juya ganyen. Nan ne mutane suka fi kasala, alhali nan ne amsar take. Ganyen rododendiron na manya yana da kauri, fuskarsa na sheƙi kamar fatar da aka jeme, tsawonsa yakan kai tafin hannu ko ya wuce. Wasu, irin na tsibirin Yakushima a Japan, bayan ganyensu yana da laushin auduga mai launin ƙasa, in ka shafa sai ka ji kamar bargo. Ƙananan rododendiron kuwa, waɗanda suka fi kama da azaliya har su yaudari mutum, bayan ganyensu cike yake da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono. Kusantar da kamarar wayarka za ka gan su sarai. Azaliya ba ta da waɗannan ɗigogin ko kaɗan. Nata ganyen siriri ne, mai laushi, da 'yan gashi kwance a jikinsa, musamman a kan jijiyar tsakiya ta baya. Ɗigo, rododendiron. Gashi kwance, azaliya.

Mataki na huɗu: dubi siffar furen da yadda ya zauna. Na azaliya yakan buɗe kamar mazurari. Na babban rododendiron yakan yi kamar ƙararrawa, kuma furannin sukan taru a ƙarshen reshe su yi dunƙule guda kamar ƙwallo, ganye zagaye da su. Azaliyar Japan kuwa furanninta ɗaya zuwa uku ne a kowane tsiro, sai dai yawansu ke rufe itacen baki ɗaya.

In lokacin hunturu ka zo, babu fure, aikin ya fi sauƙi a wani ɓangaren. Itacen da ya zubar da ganyensa kaf, galibi azaliya ce. Rododendiron galibi yana riƙe nasa, kuma wasu irinsa in sanyi ya tsananta sai ganyen ya sunkuya ya nannaɗe kamar sigari.

Abu ɗaya da ba na so ka manta: duka biyun suna da guba a ganye da fure da ruwan zaƙinsu. Awaki da tumaki sukan kwanta ciwo in sun ci, wasu har su mutu. A gaɓar Bahar Aswad ta Turkiyya, zumar da ƙudan zuma ke haɗawa daga irin waɗannan furanni tana sa jiri da amai; tun wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa ta kwantar da sojojin Girka kusa da Trabzon. Don haka in ka gama ƙirga zare da shafa ganye, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci, kuma ka kula da yaran da ke tare da kai kada su kai fure baki.