Yadda za ka gyara na'urar ƙara ƙarfin sabis a gida

Na'urar nan ba ta ƙirƙirar sabis, wanda ke waje take jawowa da eriyar waje, ta ƙara masa ƙarfi, ta watsa shi a gida da eriyar ciki. Don haka fara da awo. Hau rufi da wayarka, a wayoyin Android da dama ka danna *#*#4636#*#*, a iPhone kuma *3001#12345#*. In ka ga -85 dBm (ma'aunin ƙarfin sabis), lafiya lau. In ya kai -110, sabis ya yi rauni: eriyar waje na buƙatar doguwar sanda, a kuma saita ta tana kallon turken sadarwa. Riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, kana jiran minti ɗaya kafin ka sake dubawa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce kusantar eriyar waje da ta ciki. Sai na'urar ta riƙa jin muryarta, kamar lasifika ta yi ƙara in an kai mata makirfo kusa, ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta, galibi jar fitila ta kama. A raba su da tazarar mita 6 a tsaye, ta waje ta ba gidan baya. Rufin kwano a nan taimako yake yi, yana shiga tsakaninsu.

Bayan damina, kwance mahaɗin wayar eriya na waje. In ka ga kore-kore ko danshi, ruwa ya shiga: yanke, sa sabo, ka naɗe da tef. Kada a lanƙwasa wayar ko a bar ta da tsawo fiye da kima.

A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta hana amfani da na'urar da ba ta amince da ita ba, domin tana lalata wa maƙwabta sabis. Tuntuɓi kamfanin layinka tukuna.