Tsamin harshe daban, asid ɗin da ke wahalar da ƙoda daban

Da zarar likita ya ce wa mai ciwon ƙoda asid ya yi yawa a jininsa, sai ya yi sallama da lemon tsami da miyar yakuwa. Ba wannan tsamin ake nufi ba. Abin dubawa shi ne abin da abinci ke bari a jini bayan jiki ya sarrafa shi. Nama, kifi, ƙwai da hatsi su ke barin asid, ganye da 'ya'yan itace kuwa, har masu tsamin, rage shi suke yi. Wanda ya bar lemo amma kowane dare yana gaban mai tsire a Sabon Gari bai sauƙaƙa wa ƙodarsa komai ba.

Lafiyayyar ƙoda ta fitsari take fitar da asid. In ta raunana sai ya taru, bikabonet, sinadarin da ke kashe asid a jini, ya sauka ƙasa da 22 a gwaji, tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni, ƙodar ta ƙara lalacewa. A rage nama, a rage malmalar tuwo, miyar ganye ta ƙaru.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne jiƙa kanwa a sha, wai tana kashe asid. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri: tana tara ruwa a jiki, ta hau da jini, ƙafa ta kumbura. A nan Zariya ne likitoci, a shekarun 1970, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa, to ina ga wanda ƙodarsa ba ta iya fitar da gishiri? Akwai ƙwayar bikabonet da likita ke rubutawa, amma da awo, bayan gwaji.

Wasu kuma da sun ji ganye da 'ya'yan itace na taimakawa sai su afka wa ayaba, dabino, dankali da alayyahu. Duk suna da fotasiyam mai yawa, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, kuma in ciwon ya yi nisa taruwarsa na iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ba. Tafasa ganye ko dankali a zubar da ruwan yana rage shi. Kafin a sauya abinci, a yi gwajin jini, a asibitin koyarwa na Shika ko inda ake ganin likita, a tambayi adadin fotasiyam da bikabonet.

Mai zuwa wankin ƙoda kuma kada ya yanke nama da ƙwai da kansa, buƙatarsa ta furotin ta fi ta wanda bai fara ba.