Darasi na Bakwai: Walda da Gas Mai Kare Ta

Ƙarfe idan ya narke ba ya son iska. Iskar da muke shaƙa tana shiga cikinsa tun yana ruwa-ruwa, in ya huce sai ka ga ƙananan ramuka a jikin waldar. Irin wannan walda ce ke tsinkewa ranar da aka loda wa amalanke buhunan gero aka nufi kasuwar Wudil. Shi ya sa kowace waldar lantarki take da abin da ke tare iska daga narkakken ƙarfe.

A waldar da muka saba gani a bakin titi, sandar walda ce ke wannan aiki da kanta. Abin da aka lulluɓe ta da shi yana ƙonewa, hayaƙinsa ya rufe wurin, sannan ya bar ɓawo a sama wanda ake kankarewa da ƙaramar guduma bayan ya huce. Babu ruwanka da tukunyar gas. Mai koyo a ƙauye, nan ya kamata ya fara.

Nemi sanda mai lamba E6013. Mai kaurin milimita 2.5, wadda 'yan kasuwa ke kira geji 12, ta dace da ƙofa da taga da kujerun makaranta, tana son wuta tsakanin amfiya 60 da 90. Mai milimita 3.2, wato geji 10, ta ƙarfe mai kauri ce irin na garma, wutarta 90 zuwa 130. Da damina ka adana su a busasshen wuri, don sandar da ta sha danshi ita ma tana kawo ramuka.

Injinan walda da ke aiki da gas kala biyu ne: MIG da TIG. MIG yana turo siririyar waya daga naɗi, gas yana fita ta bakin abin riƙewa ya rufe wurin da ke narkewa. Ga baƙin ƙarfe ana sa masa gas ɗin CO2, wanda ya fi araha amma yana yawan tartsatsi, ko kuma gauraye: kashi 75 na wani gas da ake kira agon, kashi 25 na CO2. TIG kuwa, mai narka ƙarfe da wani tsinke da ba ya narkewa, agon zalla yake so. Da shi ake aikin alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma sai hannu ya faɗa ake taɓa shi.

Ga inda matsalar take a wurinmu. Gas ɗin nan a hankali yake fita, lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya. Iskar hunturu da ke kaɗawa a Ringim ko Gaya tana kwashe shi kafin ya kai ga ƙarfen. Wasu sai su ƙara buɗe gas ɗin. Asara ce kawai, don idan ya fito da ƙarfi shi ma iska yake jawowa ciki. Abin yi shi ne ka kare wurin aikin da fallen kwano. Kada ka sa zana, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kuma kafin ka sayi irin wannan inji, tambayi kanka inda za ka riƙa cika tukunya idan ta ƙare, da abin da motar zuwa birni za ta ci.

Tukunyar gas a tsaye take zama, a ɗaure da sarƙa jikin bango, a inuwa. Buɗe kanta a hankali, kana tsaye daga gefe, ba gaban agogon awon gas ɗin ba. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: in ya yi kumfa, gas na tsiyaya. Agon ba shi da wari, ya kuma fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa. A cikin tanki ko rami yana iya kashe mutum ba tare da ya ji komai ba.

Kada ka rikita waɗannan da tukunyar oksijin ta masu gyaran jikin mota, wadda suke haɗawa da kabayit. Ita hura wuta take yi, ba ta kare walda. Mai ko giris kada ya taɓa kanta.

Baƙin gilashin rana ba gilashin walda ba ne. Sa garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11. Wanda ya kalli hasken da ido tsirara sai cikin dare zai gane, lokacin da zai ji kamar an zuba masa yashi a ido. Sa rigar auduga mai dogon hannu, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Yadin roba narkewa yake yi a jiki. Duk duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko maigidanka ne ya ce ka taɓa shi da wuta, ka ba shi haƙuri.

Aikin gida: Je wurin mai walda na garinku, ka gaishe shi, ka roƙi kwalin sandunansa. Kwafi lambar da ke jiki da kaurin sandar a littafinka, ka kawo aji.