Yadda Ake Haddace Ayoyin Littafi Mai Tsarki Har Su Zauna a Zuciya

Wanda ya tashi a Kano ba sai an koya masa ma'anar hadda ba. Tun da asuba muryoyin yaran makarantar allo ke shigo mana ta taga, suna nanata abu ɗaya har ya zauna. Dabararsu ke nan, kaɗan, da murya, kullum, kuma ita nake so mu ɗauka mu Kirista, don a ganina mun yi sake tun da Littafi Mai Tsarki ya shiga wayoyinmu.

Da farko ka tsaya a kan fassara ɗaya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wasu fassarorin suka biyo baya, kuma kalmominsu sun bambanta. Misali, littafin da kakanninmu suka sani da Kubawar Shari'a, mu Maimaitawar Shari'a muke ce masa. In kana tsalle daga wannan zuwa waccan, harshenka zai sarƙe. Ɗauki wadda ake karantawa a majami'arku.

Sai zaɓen aya, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kada ka faɗa wa Zabura 119 mai ayoyi 176 don kana jin zafin farawa. Nemi ayar da ta taɓa inda ke maka ciwo. Mai fama da tsoro ya je Ishaya 41:10. Wanda kuɗin haya da na makaranta suka hana shi barci, ga Matiyu 6:25-34, ko Filibiyawa 4:6-7. Amma karanta surar gaba ɗaya tukuna. Ranar da na gane cewa Bulus yana ɗaure ne lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa kada su damu, ayar ta yi mini wani nauyi dabam. Ashe ba mai jin daɗi ne ke ba da shawara ba.

Rubuta ta da hannunka a guntun kwali, ka yanka ta gaɓa-gaɓa daidai inda numfashi ke tsayawa. Faɗi gaɓar farko da murya sau goma, ka ɗora ta biyu, ka dawo ka haɗa su. Ambaci sura da aya a farko da ƙarshe, in ba haka ba za ka riƙe maganar ka manta gidanta.

Kwalin ya zauna a aljihu. Cunkoson mahaɗar Bata a Kano kaɗai ya isa a bita sau biyar a cikin adaidaita sahu. Ni a jikin keken ɗinkina nake manna nawa, a shagonmu na Sabon Gari. In ayar ta ƙi zama, sa mata waƙa. 'Yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, sun daɗe da gano wannan, abin da aka rera da kiɗan tulu ba ya saurin gudu.

Aya ɗaya a mako ta isa. Ranar Asabar kuwa ta tsofaffin ayoyi ce, ka sami wanda zai riƙe littafin yana bin ka. Mahaifiyata ce ke riƙe mini, ba ta kuwa yafe ko kalma ɗaya. "A'a, 'yata, koma baya," in ji ta.

Abu na ƙarshe, mayar da ayar addu'a, ka sa sunanka da damuwarka a ciki. Bara na kwana a wani asibiti ina jinyar Mama. Wuta ta ɗauke, cajin waya ya ƙare, ba littafi a hannu. Bakina ya kama Zabura 23 da kansa: "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba." Da na iso aya ta huɗu, wajen kwarin nan mai duhu, murya ta shaƙe mini. Mama, da na ɗauka barci take, ta matse hannuna ta ƙarasa mini ayar.