Yadda ake buga nakiya a wurin fasa dutse ba tare da an rasa rai ba

Masu bincike na hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, sun bi diddigin raunukan da aikin nakiya ya jawo a ma'adinan saman ƙasa daga 1978 zuwa 1998. Sun gano cewa fiye da kashi biyu cikin uku sun fito ne daga abu biyu: dutsen da ya tashi sama ya wuce inda aka yi zato, da kuma rashin tsare filin da kyau har wani ya kasance a inda bai kamata ba. Dukansu biyun ana maganinsu ne tun kafin a danna komai. Wannan bayani na waɗanda ke aiki ƙarƙashin lasisi ne, domin a Najeriya Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967 ba su yarda kowa ya saya, ya ajiye ko ya buga nakiya ba sai da izini, kuma sashen sa ido kan ma'adinai na ma'aikatar tarayya ne ke kula da wannan.

A fara da rami

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kaurin dutsen da ke tsakanin ramin layin gaba da fuskar dutsen. Awon da aka saba farawa da shi shi ne faɗin rami sau 25 zuwa 35. Ramin milimita 89 zai buƙaci kaurin da ya kai kusan mita 2.2 zuwa 3.1, gwargwadon taurin dutsen. Idan kaurin ya yi kaɗan, ƙarfin fashewar zai huda fuskar ya watso duwatsu gaba kamar harsashi. Idan ya yi yawa, dutsen ba zai matsa ba, sai iskar fashewar ta nemi hanya mafi sauƙi, wato sama ta bakin rami.

Matsalar ita ce awon da aka yi a sama ba lallai ya zama shi ne a gindin rami ba. Ramin mita 15 da ya karkace da digiri biyu kacal zai kauce da kusan rabin mita a ƙasa. Ƙara da cewa fuskar dutse ba ta taɓa zama sumul ba, akwai inda bugun baya ya ƙwaƙule ta ciki. Don haka mai buga nakiya ya sauka ƙasa ya dubi fuskar da idonsa, rami bayan rami, ya lura da tsaga, da jijiyar laka, da inda dutsen ya rarake. Manyan kamfanoni suna auna fuskar da na'urar leza su kuma zura na'urar awon karkata cikin ramukan gaba. Wanda ba shi da waɗannan, aƙalla ya zura tef mai nauyi a baki ya tabbatar da zurfin kowane rami, ya haska tocila ya ga ko ramin ya miƙe.

Mai haƙa rami shi ne idon mai buga nakiya a cikin dutse. Ya riƙa rubuta abin da ya ji a kowane rami: a mita nawa ƙarfen ya faɗa fanko, a ina garin dutsen ya sauya launi, a ina iska ta ɓace. Wannan takarda ba ta ado ba ce. Ramin da ya ratsa kogo zai sha nakiya fiye da ƙima, ta taru wuri ɗaya, kuma daga irin wannan ne dutse ke tashi ya faɗa gidan mutane. Shi ya sa yayin lodi ake zura tef a kai a kai. In ana zuba nakiya amma tsayinta a rami ba ya hawa yadda lissafi ya nuna, a tsaya nan take, kada a ci gaba da zubawa.

Toshe bakin rami

Nan ne aka fi yin ganganci, saboda ana zuwa wurin ne bayan kowa ya gaji. Tsawon toshiyar kada ya gaza faɗin rami sau 20, kuma in akwai gidaje ko titi kusa a kai shi sau 25 ko 30. A ramin milimita 89, hakan na nufin daga mita 1.8 zuwa sama da mita biyu da rabi. Abin toshewar ma ba kowane ba. Garin dutsen da injin ya fitar a bakin rami shi ne mafi kusa da hannu, shi ne kuma mafi rauni, musamman in ya jiƙe, domin fitowa yake yi kamar toshiyar kwalba. Tsakuwa mai kaifin gefe, wadda girmanta ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin ramin, ita ce ke cije bangon rami ta riƙe iskar har dutsen ya tsage. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta riƙewa. A zuba a hankali kada a yanke igiyar detoneta, wato ƙaramin abin da ke tayar da nakiyar, kuma sandar dannawa ta zama ta katako ko roba, ba ƙarfe ba. A kwashe duk wani dutse da ke yashe a saman benci, wato dandamalin dutsen da aka haƙa, kusa da ramuka.

Damina da hunturu

Nakiyar ANFO, wato haɗin sinadarin amoniyam naitiret da man dizal, ba ta jure ruwa, narkewa take yi. Ramin da ke da ruwa sai dai a tsotse shi, ko a yi amfani da nakiyar emolshon wadda aka yi don jiƙaƙƙen rami. Wanda ya zuba ANFO cikin ruwa zai samu ɗaya daga biyu: rami ya ƙi tashi, ko ya tashi rabi da rabi ya fitar da hayaƙi mai launin ruwan goro. Da zarar an ji tsawa ko an ga hadari ya haɗo, a bar lodi, a janye kowa zuwa nesan da ake tsayawa lokacin bugu, a sa masu gadi. Wannan ya shafi kowane irin detoneta, domin aradu in ta faɗo ba ta tambayar iri.

Da hunturu kuwa, bushewar iska na sa wuta ta taru a tufafin roba har ta yi tartsatsi, wanda hatsari ne ga detoneta mai aiki da lantarki. Wayoyinta su kasance a murɗe tare har lokacin haɗawa, kuma a nisanta wayar hannu da oba-oba. Detoneta mai siririn bututun roba, wadda ta shigo kasuwa daga Suwidin a shekarun 1970, ta rage wannan haɗari sosai, amma ba a iya gwada layinta da na'urar gwajin lantarki. Ido ne kawai gwajinta: mutum ɗaya ya bi layin daga farko zuwa ƙarshe ya taɓa kowane mahaɗi.

Tsare fili

Indiya ta ɗauki mita 500 a matsayin yankin haɗari a ma'adinanta na sama, kuma awo ne mai kyau na farawa. A gaban fuskar dutse a ƙara nisa, don can ne dutse ya fi tafiya. Jiniya kaɗai ba ta isa ba. A wurarenmu akwai makiyayi da ya saba ratsawa ta bayan tsauni, da mata masu fasa tsakuwa da guduma a gefen fili, da yara masu wanka a tsohon ramin da ruwa ya cika, da manomi da iska ta ɗauke masa ƙarar. Kowace hanya, har ta ƙafa, tana buƙatar mai gadi da jan ƙyalle da hanyar magana da mai bugu. Kafin bugu a zagaya filin da ƙafa ko babur, a ƙirga ma'aikata da suna, kowane mai gadi ya amsa da bakinsa cewa wajensa babu kowa. In ɗaya bai amsa ba, ba a bugawa. A tsayar da lokaci guda na bugu da rana, a sanar da mai unguwa, a kuma kauce wa lokacin tashin 'yan makaranta. Mai bugun kansa ya shiga mafaka mai rufin ƙarfe. Ƙarƙashin tipa ko bayan katafila ba mafaka ba ce.

Bayan ta tashi

Kada kowa ya motsa sai ƙura da hayaƙi sun washe. Hayaƙin nan mai ruwan goro guba ne mai yaudara: mutum zai shaƙa ya ɗan yi tari ya koma aiki, bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Duk wanda ya shaƙe shi a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, a kuma faɗa wa likita abin da ya shaƙa. Mai bugu ne kaɗai zai fara shiga dubawa, shi ne kuma zai ba da alamar an gama.

In ana zargin wani rami ya ƙi tashi, ƙa'idar ma'adinan Amurka ta ce a jira minti 30 in da lagwani aka kunna, minti 15 ga detoneta ta lantarki ko ta bututu, minti 30 ga detoneta mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ko abin da kamfanin da ya ƙera ta ya ce in ya fi haka. Alamomin ramin da ya ƙi tashi su ne bututun da bai ƙone ba, da wani sashe na benci da bai motsa ba, da nakiya a cikin tarin dutse. A killace wurin, a hana injin haƙa da katafila zuwa. Ba a jan igiyar detoneta, ba a tone ramin da ƙarfe, kuma ba a taɓa sa ƙarfen haƙa a gindin tsohon rami ko da ya yi kama da fanko, domin ragowar nakiya na iya zama a ciki shekara da shekaru. Mai lasisi ne zai yanke yadda za a yi da shi, a rubuta a littafi, a kuma gargaɗi direban katafila da mai injin niƙa su sa ido a kan dutsen da aka kwaso daga wannan gefen.

Sito da mota

Detoneta da nakiya ba sa kwana ɗaki ɗaya, ba sa hawa akwati ɗaya. Abin da ya fita daga sito da safe, a cire wanda aka loda, saura ya dawo a ƙirga kafin magariba, kuma lissafin ya daidaita har zuwa detoneta ɗaya. In bai daidaita ba a sanar da hukuma a ranar. Fashewar unguwar Bodija a Ibadan ranar 16 ga Janairun 2024, wadda gwamnatin Jihar Oyo ta ce nakiyar masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ce da aka ɓoye a gida, ta rushe gidaje ta kashe mutane. A Appiatse ta ƙasar Ghana, ranar 20 ga Janairun 2022, motar da ke kai nakiya mahaƙar zinariya ta kama da wuta bayan hatsari da babur, jama'a suka matso kallo, ta fashe ta shafe kusan duk garin. In wuta ta kai ga kayan, direba da 'yan rakiya kada su tsaya kashe ta. Su tare hanya ta ɓangarorin biyu, su kori mutane zuwa aƙalla kilomita ɗaya da rabi, sannan su kira 'yan kwana-kwana su faɗa musu abin da ke cikin motar.