Darasi na 6: Ciniki a waya alhali shabaka tana jan ƙafa

Iyayena da yayyena, salamu alaikum. Tambayar da kuka fi yi min a aji ita ce, Malam mu da muke ƙauye shabakarmu tafiyar kunkuru take, ta yaya za mu sai da kaya a waya kamar mutanen cikin garin Gadarif na nan Sudan? Gaskiyarku ne, shabaka, wato sabis ɗin waya, na ba mu wahala, balle da damina in hanya ta zama taɓo wuta kuma ta ɗauke. Amma na zauna da ku wata da watanni ina kallon yatsunku, kuma abin da na gani yana cinye muku ciniki shi ne ku ɗauka saƙo ya tafi alhali yana nan kwance cikin wayarku. Riɗi da zoɓo da dakwa ba sa lalacewa don saƙo ya yi awa biyu a hanya, mai saye zai jira, in dai saƙon ya fita.

Mataki na 1: Duba ƙasan saƙo

Buɗe WhatsApp, koren nan mai hoton kan tarho a ciki. Taɓa sunan mai saye. A ƙasa akwai hoton makirfo, ɗora yatsa ka riƙe, kar ka ɗaga, ka faɗi sunan kaya da kuɗinsu da ranar da mota za ta tashi, sannan ka ɗaga yatsa. Wanda bai iya rubutu ba tukuna kar ya ji kunya, saƙon murya ciniki ne cikakke.

To yanzu kar ka sa waya aljihu. Duba ƙasan saƙon, dab da inda aka rubuta lokaci, akwai wata 'yar alama ƙarama.

In ka ga hoton agogo, saƙo bai tafi ba, yana wayarka. In ka ga alamar sah guda ɗaya, irin wadda nake yi muku a littafi in kun ci lissafi, saƙo ya bar wayarka amma bai shiga ta mai saye ba, wataƙila tasa a kashe take. In sah biyu ne, ya shiga wayarsa. In sun koma shuɗi ya gani. Wasu suna kashe shuɗin nan a wayarsu, don haka kar a yi fushi da kowa a kansa.

Mu sake. Agogo, bai tafi ba. Sah ɗaya, ya bar hannunka. Sah biyu, ya isa. Faɗa da bakinka sau uku, kar ka damu in ya ruɗe maka yau, ni ma sai da aka nuna min.

Akwai wata baiwar Allah a ajinmu na mata, dakwarta ba ta da na biyu, wani mai shago a gari ya nemi ta faɗa masa farashi, ta yi saƙonta tsaf ta tura waya ƙarƙashin matashin kai, kwana uku tana jira tana cewa mutumin nan ya raina ta, ta kawo min wayar ranta a ɓace, ina dubawa sai ga agogo zaune a ƙasan saƙon, intanet ɗinta a kashe tun ranar da jikanta ya ari wayar. Mai shagon kuwa ya riga ya saya wajen wata. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Saboda haka in ka ga agogo, kar ka sake yin wani saƙon, kar ka goge na farko. Ja allon waya daga sama zuwa ƙasa ka tabbatar alamar intanet a kunne take, sannan ka tashi ka je inda shabaka ke kamawa, kowane ƙauye ya san wurinsa, tudu ne ko bakin tankin ruwa ko bayan makaranta. Tsaya nan da waya a buɗe har agogo ya zama sah. Da kansa zai tafi. Da asuba ko tsakar dare ya fi sauri, lokacin mutane ba su yi yawa a kai ba.

Haba jama'a, makon jiya na bi layi na duba wayoyinku, mutum nawa na samu da agogo jere kamar awaki a turke? Wannan ba laifin shabaka ba ne. Ba za ka ba direban lori buhu ka juya baya ba ka ga an ɗora ba, to don me saƙo? Hajiya, ke ma da ke nake. Duba ƙasan saƙo. Agogo, bai tafi ba.

Mataki na 2: Hoto

Hoto ɗaya ya isa, a rana, kaya a kan tabarma mai tsabta. Kar ka taɓa alamar HD, wadda ke sa hoto ya fito tar, nauyi take ƙarawa. Bidiyo kuwa a bar shi, shi ke cinye rasid, wato kuɗin da ke kan layinka, kuma ya maƙale rabin hanya. Tun watan Yuli na 2025 da hukuma ta taƙaita kiran murya da na bidiyo a WhatsApp mutane suka koma saƙon murya, ya ma fi dacewa da irin shabakarmu. Bayan hoto ma a duba ƙasa, agogo ne ko sah.

Mataki na 3: Kuɗi

Mai saye zai turo hoton ish'ari, wato shaidar tura kuɗi, ya ce na tura ta Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya. Hoto ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na ƙarya. Buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun ƙaru kafin kaya su hau mota. In shabaka ta hana buɗewa, kaya su kwana. Lambar sirrinka kuma kar ka faɗa wa kowa.

Mataki na 4: Shariha biyu

Shariha, wato layin waya (SIM), ta kamfanin Zain ko MTN ko Sudani, ka riƙe biyu in da hali. Lambobin masu sayenka a rubuta su a littafi, kun tuna Fabrairun 2024 da shabaka ta ɗauke.

Mataki na 5: Caji

A cika waya a wajen mai sola kafin ranar kasuwa.

Aikin gida: kowa ya tura wa ɗan ajinsa saƙon murya ɗaya, ya zana alamar da ya gani a littafinsa, ya zo da shi ranar Asabar.